Yadda ake tsaga babban gungume da waigi da guduma

Gatari yana da iyakarsa. Da zarar gungume ya kai kaurin da ba ka iya rungume shi da hannu biyu, ko ya zamana mai gaɓa da murɗiya, sai ka yini kana sara, gatari yana maƙalewa, rabin ƙarfinka yana tafiya wajen zaro shi. Irin wannan gungumen ba ya wuyar samu a cikin birnin Kano: darbejiyar da iskar farkon damina ta kayar, mangwaron da aka cire daga fili za a yi gini, ko kututturen da 'yan itace suka ture gefe suna sayarwa da araha don ba mai son wahalarsa. Wanda ya iya aiki da waigi, wannan arahar tasa ce. Maganar itacen da ya riga ya faɗi nake yi. Bishiya mai rai a bar ta, inuwar da ta rage mana a garin nan ba ta da yawa.

Waigin faskare ƙarfe ne mai kauri a gindi, yana sirancewa har ya ƙare da baki mai kaifi, kamar wanda yaran mota ke cusa wa tayar tirela, sai dai ya fi shi tsawo da siranta. Aikinsa ɗaya ne: kana dukansa ƙasa, shi kuma yana tura itacen hagu da dama. In tsawonsa inci 8 ne, kaurin gindinsa inci 2, sai ya nutse inci 8 kafin ya buɗa itacen inci 2, don haka a lissafi ƙarfin da yake turawa gefe ya ninka wanda ka sa masa sau 4. A aikace bai kai haka ba, gugar ƙarfe da itace tana cinye kaso mai yawa, amma ita wannan gugar ce ke riƙe shi a cikin tsaga ba ya tsallowa. Siriri ya fi saurin shiga, buɗawarsa kaɗan ce, kuma ya fi maƙalewa. Mai kauri yana buɗawa sosai amma shigarsa da wuya. Ka riƙe wannan, duk sauran aikin a kansa yake.

Malaman kimiyya suna lissafa waigi cikin sauƙaƙan na'urori 6 da ake koya wa yara a makaranta. Wuƙa, gizago, kurfi, ƙusa, bakin garma, duk wannan aikin suke yi. Har kwalekwale. In ka je madatsar Tiga ko ta Watari a Bagwai, dubi goshinsa: an fiƙe shi ne don ya raba ruwa biyu ya wuce, ba ya riƙa tura shi gaba ba. Kwalekwalen Dufuna, wanda wani makiyayi ya ci karo da shi a 1987 yana haƙa rijiya a yankin Fune na jihar Yobe ta yanzu, shekarunsa sun kai kusan 8,000, tsawonsa ya haura mita 8, kuma gaba da bayansa duk a fiƙe suke.

Kayan aiki

Waigin ƙarfe biyu, uku in da hali. Kada ka fara da ɗaya tak. Ranar da ya nutse ya maƙale ba ka da abin ceto shi. Wani lokaci ana dacewa da na kanti wurin masu kayan gini, amma ni na fi son na maƙera. Ka nemi guntun tsohon shaf na babbar mota, wato sandar ƙarfen da ke juya tayoyi, wurin 'yan gwangwan ko masu tsofaffin kayan mota a Ƙofar Ruwa, ka kai wa maƙeri. Tsawo inci 8 zuwa 10, faɗin baki kamar inci 2, kaurin gindi inci 1 da rabi zuwa 2. In biyu za a ƙera maka, ɗaya ya fi ɗaya siranta. Abin da ya fi komai muhimmanci shi ne baki kaɗai maƙerin zai tsoma a ruwa da zafinsa don ya yi tauri, gindin da guduma za ta riƙa sauka a kai a bar shi ya huce da kansa. Ƙarfe mai tauri in ya gamu da ɗan'uwansa mai tauri ɓallewa yake yi, ɓallin kuma yana tashi da gudun da zai huda fata. Yawancin maƙera sun san haka, amma tuni ba ya ɓata komai: "Baba, na faskare ne, a bar mini gindin da laushi." Rodi bai yi ba, lanƙwashewa yake yi. Ƙarfen zubi, irin na jikin tsohon inji, ya fi shi muni, don shi tarwatsewa yake yi.

Guduma mai nauyin kilo 3 zuwa 4, da doguwar ƙota. Sabon shiga yakan so ya ɗauki wadda ta fi nauyi, yana ganin za ta fi saurin gama aiki. Kafin ya yi duka ashirin hannu ya mutu, saiti ya fara kaucewa.

Waigin itace biyu ko uku. Da kanka za ka sassaƙa su da adda daga busasshen reshen ƙirya, marke ko gabaruwa, tsawo ƙafa ɗaya, gindi inci 3 zuwa 4. Ka ɗan shafe gefunan gindin su zama zagaye, ya fi jure duka. Guntun tsohuwar taɓarya ya isa abin dukansu.

Sai gatari da adda mai kaifi. Sai tabarau na kariya, farare irin na masu gurza ƙarfe a shagon walda, da takalmi rufaffe mai tauri. Silifas ba takalmin faskare ba ne. Ka cire babbar riga, ka naɗe hannun ta ciki.

In babu waigin ƙarfe sam, tsohon ruwan gatari mai ido wanda ƙotarsa ta karye zai yi maka aikin fara tsaga, amma da itace za ka doke shi, ba da gudumar ƙarfe ba, in ba haka ba idon zai buɗe ko ya tsage.

Mataki na 1: Duba gudumarka

Riƙe ƙota, girgiza kan. In ka ji yana motsi ko kaɗan, kada ka fara. Da hunturu wannan matsalar ta fi yawa, domin iskar tana busar da ƙota ta tsuke. Mutane da yawa sukan jiƙa ta a bokiti ta kwana. Tana kumbura ta kama na yini ɗaya, in ta bushe sai ta fi da sakewa, don kumburin ya murƙushe naman itacen a cikin idon. Gyaran gaskiya shi ma waigi ne. Buga gindin ƙotar a ƙasa mai tauri har kan ya zauna daram. In saman ƙotar ba shi da tsaga, cire kan, yi masa tsaga da zarto mai zurfin kamar kashi biyu cikin uku na idon, mayar da kan, sannan ka buga siririn waigin busasshen itace mai tauri a ciki har ya ƙi shiga. Yanke abin da ya rage a sama. In da ɗan guntun ƙarfe mai baki, buga shi a gicciye a kan na itacen. Ƙusoshi barkatai da wasu ke cikawa a wurin farfasa ƙotar kawai suke yi.

Mataki na 2: Karanta gungumen

A nan gwani yake bambanta da mai ƙarfi kawai, don haka kada ka yi gaggawa. Fara mirgina gungumen da sanda ko da ƙafa mai takalmi, ba da hannu ba. Ƙarƙashin itacen da ya daɗe a ajiye gidan kunama ne.

Tsuguna ka dubi fuskar da aka yanke. In ya fara bushewa za ka ga 'yan tsage-tsage sun taso daga tsakiya suna nufar ɓawo. Nemi wadda ta fi tsawo da buɗewa. Itacen ne da kansa yake nuna maka inda yake son rabuwa. Sannan bi layin wannan tsagar da ido a jikin gungumen har ɗaya ƙarshen. In layin zai ci karo da gaɓa, wato inda reshe ya fito, nemi wata tsagar da za ta wuce ta gefenta. Naman itace a wurin gaɓa a nannaɗe yake, waigi ba ya ratsa shi sai da baƙar wahala. Dubi ɓawon ma: in zanensa ya miƙe, cikin ma a miƙe yake; in ya karkace yana zagaya gungumen, tsagar ma haka za ta karkace, sai ka shirya bin ta.

Bishiyar cikin gari tana da wani abu da ta daji ba ta da shi: ƙarfe. Shekara da shekaru ana kafa mata ƙusa don rataya allon talla, ana ɗaura mata waya ta shanya ko ta rumfa, itacen ya girma ya haɗiye su. In ka ga baƙin tabo mai ɗan shuɗi-shuɗi a fuskar yankan, akwai ƙarfe kusa. Waigi bai cika damuwa da shi ba, amma bakin gatari da haƙoran injin yanka suna jin jiki.

Irin itacen ma a san shi. Marke da ƙirya masu tauri ne, sai dai wutarsu ta biya wahalar. Zuciyar tsamiya tana gajiyar da mutum. Turare da darbejiya a tsaga su tun suna da ɗanyantaka, in suka bushe a dunƙule zarensu yana sarƙewa. Mangwaro da sauƙi. Kuka kuwa kada ka ɓata lokacinka, cikinta zare ne mai laushi da ruwa.

Mataki na 3: Yanka shi daidai buƙata

Na murhun gida, inci 16 zuwa 20 ya isa. Na tukunyar biki ko tandar burodi ana barin sa ƙafa 3 zuwa 4. Gajere ya fi sauƙin tsagewa nesa ba kusa ba, don haka in za ka kira mai injin yanka, ka sa ya datse ta kan gaɓoɓin, kowace gaɓa ta faɗo a ƙarshen gunduwa, ba a tsakiyarta ba. Ka roƙe shi ya miƙe yankan, don gunduwar ta iya tsayuwa da gindinta.

Mataki na 4: Zaɓi wuri

Ƙasa mai tauri, a daidaice. Yashi yana shanye duka. Daɓen siminti yana fashewa, kuma yana dakushe bakin waigi in ya ɓulla. A gidajenmu na cikin birni, inda tsakar gida ba ta da faɗi, a tabbata ba a kan murfin masai ko na sokawe aka ɗora gungumen ba, kuma babu igiyar shanya ko wayar lantarki a sama inda guduma za ta bi. In a lungu za ka yi, ka sa babba ɗaya ya tsare yara can nesa. Faskare yana tara yara, kuma wurin da suka fi son tsayawa shi ne daidai gabanka, hanyar da waigi ke bi in ya tsallo.

Mataki na 5: Kafa waigin farko

Gajeriyar gunduwa a tsaye ake aikinta, gaɓar tana ƙasa. Ɗauki siririn waigin, ɗora bakinsa a kan tsagar da ka zaɓa, bakin yana kwance tare da tsagar, ba a gicciye ba. Kada ka sa shi a tsakiyar gunduwar. Matsar da shi kusa da ɓawo, kamar inci 2 zuwa 3 daga gefe. Daga gefe itace yake fara buɗewa, tsagar ta gudu zuwa ciki. Wanda ya kafa a tsakiya yana faɗa da gungumen gaba ɗaya a lokaci guda.

Riƙe waigin ta tsakiya da hannu ɗaya, ɗaya hannun ya kama ƙotar guduma kusa da kai, ka riƙa ɗan ƙwanƙwasawa har ya tsaya da kansa ba ya rawa. Sai ka janye hannu. Kada ka taɓa sa wani ya riƙe maka waigi kana kai cikakken duka.

Ɗanyen itace yakan tofo waigi waje, musamman in ƙarfen ya yi santsi. In ya yi haka, shafa wa gefunan toka ko busasshiyar ƙasa. In ya ƙi, sara wurin da gatari sau biyu ko uku a layi ɗaya, ko ka yi ɗan yanka da zarto, ka kafa a ciki. Mai ko girisi kada su kusanci waigi lokacin aiki.

Mataki na 6: Duka

Buɗe ƙafafu daidai faɗin kafaɗa ko fiye, yadda in guduma ta kauce za ta wuce tsakaninsu. Auna nisa tun kafin ka ɗaga: miƙa hannu, kan gudumar ya sauka daidai kan waigin ba tare da ka miƙa jiki ba. In ka matso da yawa, wuyan ƙota ne zai daki ƙarfen, haka yawancin ƙotoci ke karyewa. Hannu ɗaya a ƙarshen ƙota, ɗaya kusa da kai. In ka ɗaga sama, na gaban ya zame ya tarar da na baya yayin saukowa. Durƙusar da gwiwa kaɗan lokacin da take sauka don fuskar gudumar ta faɗi a kwance. Idonka a kan gindin waigin.

Nauyin guduma ne ke aikin, kai saiti ne naka. Duka goma masu natsuwa a tsakiyar gindi sun fi talatin na fushi. Ka kuma saurara. Da farko ƙarar tana da kaifi, ƙarfe a kan ƙarfe. Can sai ta koma dum-dum, ka fara jin itacen yana ƙas-ƙas ko bayan ka tsaya. In ka ji haka, dakata ka ɗan numfasa. Tsagar tana tafiya da kanta, waigin yana nan yana turawa ko ba ka doke shi ba.

Ka tsaya tun gindin waigin yana da sauran inci 2 a waje. Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa: a yi ta duka har ya shige, itace bai rabu ba.

Mataki na 7: Waigi na biyu, da dogon gungume

In gunduwa ba ta rabu da na farko ba, kafa mai kaurin a cikin wannan tsagar, can ɗaya gefen, ka riƙa dukansu bi da bi.

Dogon gungume a kwance ake yin sa. Tare shi da duwatsu ko guntayen itace kada ya mirgina. Kafa waigin farko a fuskar yanka, ta ƙarshen da ya fi kauri, ka doka har tsaga ta bayyana a jikin gungumen ta sama. Sa na biyu a cikin tsagar daga sama, kusa da inda ta ƙare. Yana shiga, na farko zai saki. Cire shi ka tsallake da shi gaba. Haka za ka yi ta yi har ƙarshe. In tsagar ta buɗe ta fi kaurin ƙarfen, lokacin waigin itace ya yi: cusa shi inda ta fi faɗi, doke shi da taɓarya, shi zai ƙarasa buɗawa ya sakar maka ƙarafunan.

Za ka ga zare-zaren itace sun riƙe ɓangarorin biyu a cikin tsagar. Datse su da adda ko gatari, amma ka fara duba inda ƙarfe yake kada baki ya same shi. Hannunka kuwa kada ya shiga cikin tsaga ko da wasa, ko don ɗauko waigin da ya faɗa. In abin da ya buɗa ta ya zame, rufewa take yi nan take da ƙarfin da ke niƙe yatsu. Zaƙulo shi da sanda.

Mataki na 8: In waigi ya maƙale

Kada ka yi ta dukansa ta gefe da ƙarfi, lanƙwasa shi za ka yi. Kafa wani a layin tsagar, kusa da shi, ka buɗa har ya saki. In duka biyun sun nutse, juya gungumen ka fara sabuwar tsaga daga ɗaya ƙarshen da gatari da waigin itace, a kan layi ɗaya, su haɗu a tsakiya. Wasu sukan cinna wa gungumen wuta don su ciro ƙarfensu. Sun yi asarar itace, kuma wutar ta kashe taurin bakin.

Mataki na 9: Mai gaɓa da mai rassa biyu

Gunduwar da ta ƙi rabuwa biyu, daina neman tsakiyarta. Riƙa ɓantarar ta daga gefe, kana kafa waigi inci 3 zuwa 4 daga ɓawo, bakin yana bin zagayen itacen, kana cire ɓalli-ɓalli har ta rage. Mai rassa biyu a kifa ta, rassan suna ƙasa, a tsaga ta yadda kowane reshe zai rabu biyu. Ƙoƙarin raba reshe da reshe ta tsakiyar cinyar shi ne mafi wuya. Dunƙulen da ya rage, wanda ba ya jin komai, ka ba masu dafa abincin biki, yana kwana yana ci a ƙarƙashin tukunya.

Da zarar an raba gungume huɗu, gatari ya karɓi aiki.

Mataki na 10: Shanya da ajiya

Jera faskaren a kan duwatsu ko bulo, kada ya taɓa ƙasa saboda gara, kuma a ɗan nesa da katangar ƙasa da azara. Bar 'yan ƙofofi tsakani iska ta ratsa. Da hunturu da bazara bushewa ba ta da wuya. Da damina a rufe sama kawai da kwano ko leda, gefuna a buɗe. Busasshe ya fi rashin nauyi a hannu, kuma in ka gwara biyu za ka ji ƙara garau. In don biki ne, a yi faskaren tun da sauran makonni, ba a fafa gora ranar tafiya, kuma ɗanyen itace hayaƙinsa a idon masu girki yake ƙarewa.

Bayan kowane aiki, shafa gindin waigin da yatsa. Yau da gobe duka yana baje shi, gefen ya yi leɓe ya fara tsattsagewa. Wannan leɓen ne ke ɓallewa ya shiga ido ko ƙwauri. Kai wa mai walda ya gurje shi a dutsen inji, ya ɗan shafe gefen. Bakin kuma ba ya buƙatar kaifin wuƙa, 'yan shafa da magagari sun isa. In ɓallin ƙarfe ya shiga ido, kada a murza, kada a sa tsinke ko bakin zani. A rufe idon da tsabtataccen ƙyalle a tafi asibiti. In fata ya huda, a wanke da ruwa da sabulu, a je a duba ko ana buƙatar allurar tetanus. Da damina a shafa wa ƙarafunan ɗan baƙin mai kafin a ajiye, a goge shi tas da toka ranar da za a sake aiki.